Ƙofa Biyu a Gidan Malam Kyauta

Duk unguwarmu babu wanda ake sa wa albarka kamar yayana. Ko zare na je saya, da an gane ni sai ka ji mai shago yana cewa, "Ƙanwar Malam Kyauta ce, ku ba ta kujera." Sai in zauna, in amsa gaisuwa, in haɗiye abin da ke bakina, don na san in na fito da shi ko kujerar sai an janye.

Malamin lissafi ne, ya yi ritaya. Tun da ya ajiye aiki ya mayar da falon gidansa aji, kuma ba ya karɓar komai a hannun kowa, shi ya sa sunan ya bi shi. Da rana 'yan firamare, da yamma 'yan sakandare masu shirin jarrabawar fita, ƙarshen mako kuma 'yan jami'a su zo ya ba su shawara a kan karatu da zaman duniya. Kar in ci haƙƙinsa, Yaya ya iya koyarwa. Yaron da kansa ya toshe ƙif, in ya zauna gabansa ɗan lokaci sai ka same shi yana gyara wa mai kanti lissafi.

Gidan ƙofa biyu gare shi. Ta gaba ita ce mai fenti, ita ke shiga falo kai tsaye, kuma a kanta Yaya ya kafa dokar da yake maimaita wa duk baƙon da ya zo: "Duk wanda ya shigo ta ƙofar nan ya cire takalminsa, ɗalibina ne, ko ɗan waye." Mutane na jin haka sai su hau girgiza kai suna cewa irinsa sun ƙare. Mu mutanen gida kuwa, da zarar an fara darasi, ta ƙofar baya muke shiga da fita, wadda ke gefen kwandon shara, don kar mu raba wa ɗalibai hankali. Ɗakina na jikin wannan ƙofar, ni da keken ɗinkina, saboda haka babu abin da ya wuce ban gani ba.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ita ce nake son in ba da labarinta. Bara ta ci duk darussanta, lissafi kaɗai ya kayar da ita. Makarantar koyon aikin jinya ta ce za ta riƙe mata gurbinta shekara ɗaya tak, in ta gyara lissafin ta shigo, in ba ta gyara ba a ba wani. Yarinyar nan tun tana ƙarama in na soke yatsa da allura ita ke rugawa ta ɗauko auduga. Ba ta da wani buri a duniya sai wannan farar rigar. Ga kuma babban malamin lissafi na gari a cikin gidansu, suna cin abinci a kwano kusa da kwano. Kowa ya ji sai ya ce ai ta gama dacewa.

To ga yadda dacewar take. Auta ke share falo kafin a zo. Ita ke jera benci, ita ke cika butar ruwa, ita ke jera takalman ɗalibai a bakin ƙofa don Yaya ba ya son baƙo ya ga takalma a warwatse. Ita ke kai ƙananan yara bayan gida, ta wanke wanda ya ɓata wandonsa. In 'yan firamare sun tashi sai su zauna a baranda har zirga-zirgar motoci ta ɗan lafa, sannan ita ke tsallakar da su babban titi, hannu riƙe da hannu.

Wannan tsallakarwar ita ta kashe ta. Lokacin da manya ke fara darasi, Auta na laɓe a bayan labulen da ya raba falo da cikin gida, buta a hannu, kunne a buɗe. Yaya zai rubuta tambaya a allo, ya karanta ta da ƙarfi, ya ɗaga alli zai fara warwarewa, sai ya leƙa ta taga ya ce, "Auta, titi ya yi sauƙi, kwashe yaran nan." Kafin ta kai su ta zagayo ta ƙofar baya an gama. Allon ƙarami ne, yana tafiya yana gogewa da hannun riga, abin da ke saura kawai amsa ce a ƙasa da layi biyu a ƙarƙashinta. Tana shigowa za ta ji ya ce, "Kun gane?" Aji ya ɗauka, "Mun gane, Malam!" Sai ya ce, "Madalla. Auta, zo ki goge allo."

Wata rana ta zauna a bakin gadona tana cire zare daga tsumma, ta ce, "Gwaggo, wallahi na san duk tambayoyin, na kuma san duk amsoshin. Abin da ke tsakaninsu ne ban taɓa gani ba."

Na ce, "To ki tambayi ubanki mana, ko bakinki ɗinke shi aka yi?"

Ta yi ɗan murmushi. Ashe ta sha tambaya. In ta je da safe sai ya ce yana shirya darasi, ta bari sai bayan darasi. Bayan darasi muryarsa ta dushe, sai ya nuna maƙogwaronsa ya ɗaga mata hannu. Ƙarshen mako na 'yan jami'a ne, su kuma daga nesa suke zuwa, ba a barinsu su jira. In ta matsa sai ya yi dariya ya shafa kanta ya ce, "Ke da kike jinina? Lissafi a jikinki yake, bara ma tsoro ne ya kayar da ke."

Daga nan kayanta suka fara bin ƙofar gaba. Teburin karatunta aka fara ɗauka, wai ɗalibai sun ƙaru. Kujerar ta bi bayansa, don tebur ba ya zama babu kujera. Fitilarta mai caji ta tafi gidan wata yarinya da ba su da wuta. Rannan ta dawo daga tsallakar da yara ta nemi littafin lissafinta sama da ƙasa ta rasa, sai ga shi a hannun wani dogon yaro yana sa shi a jaka. Yaya ya ce, "Ni na ba shi. Ubansa ba shi da hali. Ke ko ba littafi ai ga ni." Yaron ya durƙusa har ƙasa yana godiya, Auta kuma ta miƙa masa takalminsa.

Ta koma karatu a kan teburin da nake yanka yadi, da wani tsohon littafi da rabin shafukansa suka zube. Ni ban san komai a lissafi ba in ya wuce awon kafaɗa da tsawon hannu, sai dai in zuba mata ido tana rubutawa tana kashewa. Ta rame, idonta ya faɗa, ta daina 'yar waƙar da take yi in tana shara. Abin ya dame ni ƙwarai, na rasa inda zan sa kaina.

Na fara zuwa wurin matar Yaya a kicin. Na ce, "Maman yara, kina kallo yarinyar nan za ta sake faɗuwa?"

Ta ce, "Haba Gwaggonsu, ki rufa min asiri. Aikin lada yake yi, so kike in zama matar da ta hana mijinta alheri? Me mutane za su ce?" Ta ci gaba da yanka albasa, ta ce ai albarkar 'ya'yan mutane ma kaɗai ta isa ta ɗaga Auta.

Na kira babban wan Auta a waya, wanda ke aiki a wani gari. Ya ce, "Gwaggo, mu ma haka muka tashi, kuma ga mu nan ba mu mutu ba." Na tuna masa cewa lokacinsu uban bai buɗe aji a falo ba, shi ke zaunar da su da kansa. Sai ya ce layi ba kyau, ba ya jina sosai.

Sai na tari Yayan da kansa, yana zaune yana goge tabarau. Na ce, "Yaya, rabin awa kawai a rana. Ka ba 'yarka abin da kake ba ɗan mai faci."

Ya dube ni kamar na zage shi. "In na zaunar da ita ni da ita, gobe a ce Malam yana ɓoye wa nasa abin da ba ya ba na mutane. Sunan da na daɗe ina ginawa kike son in rushe?"

"To ka sa ta a aji tare da su."

"Wa zai tsallakar da yaran? Ke kin san nauyin 'ya'yan mutane kuwa? In mota ta taɓa ɗaya, me zan gaya wa iyayensa?"

Na ce ni zan tsallakar da su. Ya ce ƙafata ba ta da sauri, kuma yaran sun saba da Auta. Na ce to a ɗauki wani daga cikin manyan ɗaliban. Ya ce subhanallahi, yaran da suka zo karatu zai mayar 'yan aike? Wallahi da bakinsa ya faɗi haka, ko kunyar idona bai ji ba. Na fita ina huci, har na buge ƙafa da benci.

Cikin duk masu shiga gidan nan, mutum ɗaya ce ke ɗaga kai ta kalli mai miƙo ruwa. Wata 'yar jami'a ce da ake kira Mai Tabarau, tsohuwar ɗalibar Yaya, wadda yake alfahari da ita a gaban kowa. Ita kaɗai ke cewa, "Sannu, ƙanwata, ya karatu?" Auta ta ce alhamdu lillahi ta wuce. Sauran kuwa hannu kawai suka sani yana fitowa daga labule da kofi.

Da jarrabawa ta matso, ranar wata Talata, na ga Auta ta yi wanka ta sa tufafinta masu kyau, ta ɗauki biro da takarda. Ta riga ta jera benci, ta cika buta, ta tsallakar da yara tun da wuri duk da motoci ba su lafa ba. Ta fita ta ƙofar baya. Na bi ta da ido ta taga, sai na ga ta zagaya gidan, ta bi ta gefen kwata, ta je ta tsaya a ƙofar gaba. Na yar da almakashi na ruga bayan labule, na ɗauki butar da ta bari a wurin.

Ta yi sallama, ta cire takalminta, ta jera shi a layin na ɗalibai, ta shigo. Yaya yana fuskantar allo, ya amsa da murnarsa, "Maraba, maraba, sabon ɗalibi! A matsa masa." Ya juyo. Murmushin ya tsaya masa a fuska kamar an ɗinke shi.

"Lafiya?"

Ta ce, "Baba, ta ƙofar gaba na shigo. Na cire takalmina."

Wani yaro ya matsa ya ba ta wuri a bakin benci. Ni kuwa a bayan labule har na fara hamdala, na ce yau dokarsa ta kama shi.

Yaya ya gyara murya, ya ajiye alli, ya juya ga ɗalibai kamar zai ba su wani darasin. Ya ce, "Kun ga benci a cike yake. In na ba ta wuri, wani zai tashi." Sannan ya dube ta, cikin taushin murya, irin wadda yake yi wa baƙi. "Auta, ajin nan na waɗanda ba su da mai koya musu a gida ne. Ke kina da ni."

Sai ta juya ta fita, ta sa takalminta, ta sake zagayawa ta gefen kwata ta shigo ta baya. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Ta karɓi butar daga hannuna ta ce, "Kawo, Gwaggo, za su nemi ruwa."

Ranar jarrabawa wani mai motar haya da Yaya ya koyar da 'ya'yansa ya kawo bas kyauta don a kai ɗalibai. Aka cika ta maƙil. Auta na tsaye da jakarta, Yaya ya leƙo ta taga ya ce wuri ya ƙare, ta biyo su a baya, ai ta san hanya. Ya ƙara da cewa ta rufe tagogin falo kafin ta fito, hadari na haɗowa kar allo ya jiƙe. Ni na tare mata babur, na tsaya a bakin titi ina zagin iska har suka ɓace.

Sakamako ya fito, ɗaliban Malam Kyauta duk sun haye, har da dogon yaron nan mai littafinta. Auta ta faɗi lissafi. Makarantar jinya ta ba wata gurbin, kamar yadda ta ce za ta yi.

Iyayen yara suka haɗa walima a ƙofar gida, aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, aka kawo lasifika. Auta ce ke zagayawa da faranti tana raba lemo. Aka yi ta jawabai, wannan ya ce Malam uba ne ga marasa uba, wancan ya ce da za a samu irinsa goma da jahilci ya yi hijira. Matar Yaya na zaune a gaba tana share hawayen daɗi. Can sai wani dattijo da ya zo daga ƙungiyar masu koyarwa kyauta ya tambaya, da kyakkyawar niyya, "Malam, ina taku ta gida? Na ji ita ma ta zauna."

Yaya ya yi ajiyar zuciya a cikin lasifika, duk unguwa na ji. Ya ce, "Ita sai addu'a. Yaran yanzu, ga malami a gida, amma in babu sha'awar karatu babu yadda za ka yi."

Mutane suka hau tausaya masa. Wata mata ma cewa ta yi Allah ya ba shi haƙuri, kowane bawa da jarrabawarsa. Auta na tsaye daf da shi da farantin. Ta ajiye shi a hankali a kan tebur, ko kofi ɗaya bai girgiza ba, ta shige gida.

Ni dai a ranar na gama zama a gidan. Na kama ɗaki a bayan wani shagon ɗinki a can ƙasan layi, na kwashe kayana. Da na zo tafiya Auta ta ɗauko jakarta ta biyo ni. Uwarta ta ce in bar ta ta huce, kwana biyu za ta dawo. Yaya kuwa yana da darasi.

Ba ta koma ba. Tana taya ni sa maɓalli da guga, ba ta magana sai an tambaye ta. Bayan ɗan lokaci sai ga Mai Tabarau ta yi sallama a shagon, ba ɗinki ta kawo ba, littafi ne a hannunta. Ta ja kujera kusa da Auta ta ce, "Ƙanwata, nuna min inda kike tsayawa." Ranar na ga Auta ta bi tambaya tun daga sama har ƙasa, layi bayan layi, babu mai kiranta. Da ta kai amsar sai ta ɗago ta ce, "Dama shi ke nan?" Ta kifa kai a kan tebur ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar ƙofar gaba. Gurbin dai ya riga ya tafi, babu lissafin da zai dawo da shi.

Wata Asabar na koma gidan Yaya ɗauko dutsen gugata da na manta. Na shiga ta baya, kamar yadda na saba. Ta tagar gefe na hango takalma a ƙofar gaba sun yi tsibi, wani kan wani. 'Yan jami'a ne a falo, Yaya na yi musu huɗubar da ya fi so, cewa ilimi amana ne, kowannensu ya nemi yaro ɗaya a unguwarsu da ba shi da mataimaki ya riƙa koya masa. Ya ce kowa ya faɗi inda ya kai. Na tsaya a bayan labulen, wurin da Auta ke tsayawa.

Da aka zo kan Mai Tabarau ta miƙe ta ce, "Malam, na samu wata yarinya. Tana da ƙwaƙwalwa, amma sau biyu tana faɗuwa lissafi, har ta rasa gurbinta a makaranta. Aiki ake sa ta a gida tun safe har yamma. Littafinta ma an ɗauke an ba wani."

Yaya ya buga hannu a tebur. "Inna lillahi! Uban nata yana raye?"

"Yana raye, Malam. Mai ilimi ne ma."

"To wannan wane irin uba ne? Wallahi wasu iyayen sai dai hisabi! Kun ji irin abin da nake gaya muku ko?" Ya nuna ƙofa da alli. "Gobe ki kawo min ita. Ta shigo ta ƙofar nan ta cire takalminta, ni zan koya mata da kaina."

Mai Tabarau ta gyara tabaranta ta ce, "Ta taɓa shigowa, Malam. Ta cire takalmin. Ka ce mata tana da kai."

Ta ɗan tsagar labule ina ganinsa, alli a hannu, baki a buɗe. Ya yi tari, ya sake yin tari. Sai ya juyo wajen labule, ya miƙo hannu ba tare da ya duba ba, kamar yadda ya saba.

"Auta, ruwa."

Butar na nan a ƙasa kusa da ƙafata, babu ko ɗigo a ciki. Na tsallake ta, na ɗauki dutsen gugata, na fita ta ƙofar baya.